Daga ina hazon hunturu ke zuwa Kaduna?

Malam, ka tambayi asalin ƙurar da ke rufe Kaduna daga Nuwamba zuwa wajen Maris. Akasarinta daga kwarin Bodele take a arewacin Chadi, gindin wani tsohon tafki da ya ƙafe. Iskar arewa maso gabas tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi, sai ta ƙara ƙarfi ta kwashi farar ƙasar wurin mai laushi kamar gari. Shi ya sa hazon fari-fari yake, ba ja kamar ƙasarmu ba.

Iskar ba ta da danshi, shi ke tsaga leɓe da dunduniya. A shafa man kaɗanya bayan wanka tun jiki bai bushe ba, ya fi kamawa.