Sayen fili a tsibirin Zanzibar na Tanzaniya don gina gida

Malam, ka tambaya ko za ka iya sayen fili a Zanzibar ka gina gidan da za ka zauna in ka yi ritaya. Mallakar filin kacokan ba za ta yiwu ba. A dokar filaye ta 1992, ƙasar tsibirin duka tana hannun gwamnati, baƙo kuwa haya ta dogon zango ake ba shi, wadda kan kai shekara 99. Don Allah kada ka yarda a sa sunan wani ɗan gari a takarda wai don a saukaka maka. Ranar da ya rasu, da magadansa za ka yi shari'a, kuma takarda tana bayansu.

Ni da na je duba wani fili a gabar gabas, ruwa ne ya hana ni. Ƙasan wurin dutsen murjani ne, rijiyar makwabta kuma ruwanta gishiri-gishiri, sai sun sayi na tanka. Kafin ka biya ko sisi, ka nemi lauya naka na kanka, sannan ka je tsakanin Maris da Mayu, lokacin ruwan sama mai yawa, ka ga ko mota na iya kaiwa wurin.