Kafin ka biya wa ƙaninka kuɗin HND a Bauchi

Malam, ka ce ƙaninka zai shiga HND (babbar difloma) ta kwamfuta, ga shi kun ji an sauya manhajar karatu, kuna tsoron kada takardarsa ta zama ta banza. Kwantar da hankalinka. Ba makaranta ce ke yin manhaja yadda ta ga dama ba. Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, wato NBTE, mai hedikwata a Kaduna, ita ke tsara ta, kuma kwalejojin fasaha na Bauchi, da ta tarayya da ke Gwallameji da ta Tatari Ali, duk da manhajarta suke aiki. Ita ce ma ta rarraba HND ɗin kwamfuta gida huɗu, ciki har da ƙirƙirarriyar basira da tsaron intanet.

Inda gizo ke saƙar shi ne tantancewa. Kowane kwas NBTE na tantance shi daban, amincewa da makaranta kaɗai bai isa ba, kuma amincewar tana da wa'adi. In kwas bai samu ba, ranar tafiya bautar ƙasa ido zai raina fata. Saboda haka ya je sashen ya tambayi matsayin reshen da ya zaɓa.

Ya kuma leƙa ɗakin gwaji ranar Talata da hantsi. Kwamfutoci nawa ke kunne, nawa aka lulluɓe da leda? Masu tantancewa kwanaki kaɗan suke yi su tafi, 'yan ajin ƙarshe kuwa sun san ko janareto na tashi lokacin darasi. Su zai tambaya.