Amsoshin Tambayoyinku: Ranar 27 ga Yuli

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin tarihi ne a wata sakandare a Bajoga. Ina so in kai ɗalibaina filin yaƙin Bormi, amma wani littafi ya ce a watan Mayu aka yi yaƙin, wani ya ce Yuli. Wanne ne daidai? Kuma wace rana ce a lissafin Hijira?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Duka biyun daidai ne, domin sau biyu aka gwabza a Bormi, wadda Turawa ke rubutawa Burmi, wasu kuma Mbormi.

Kano ta faɗa hannun Turawan Ingila ran 3 ga Fabrairu 1903, Sakkwato kuma ran 15 ga Maris. Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu, wanda bai fi wata biyar da hawa gado ba, ya ƙi zama ƙarƙashin Nasara, ya ɗaura niyyar hijira zuwa gabas. Duk garin da ya ratsa sai jama'a su bar gonaki su bi shi, abin da ya fi tayar wa Turawa hankali ke nan. Bormi kuwa, inda tafiyar ta kai shi, ba baƙuwar gwagwarmaya ba ce: garin Malam Jibrilla Gaini ne, mai ganuwa, wanda ya daɗe yana ja da sarakunan Gombe kafin Turawa su kama shi a 1902 su kai shi Lakwaja.

Karon farko ran 13 ga Mayu ne, inda Kyaftin Sword ya far wa garin, aka kora shi da raunuka masu yawa cikin sojojinsa. Karo na biyu, wanda ya raba gardama, shi ne na Litinin 27 ga Yuli 1903. Manjo Marsh ya zo da igwa da bindiga mai ruwa, mutanen gari kuwa yawancinsu baka da kibiya da mashi da takobi ne a hannunsu. Duk da haka aka yini ana yi, daga hantsi har kusan faɗuwar rana. Sarkin Musulmi ya yi shahada tare da mutum fiye da 600, shi ma Marsh kibiya ta kashe shi. Kaburburansu duka suna nan a ƙaramar hukumar Funakaye. Ɗan Sarkin Musulmin, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ci gaba da tafiya da sauran jama'a har Sudan, inda garin Mai Wurno yake a bakin Shuɗin Nilu har yau.

A kula da kuskuren da ɗalibai suka fi yi a jarrabawa: Attahiru biyu ne. Na Bormi shi ne na ɗaya. Na biyu ɗan Aliyu Babba ne, shi Lugga (Lugard), shugaban mulkin Turawa a Arewa, ya naɗa a Sakkwato cikin Maris ɗin, ya yi sarauta har 1915.

Batun Hijira, ga dabarar da za a yi a allo. A cire 622 daga shekarar Miladiyya: 1903 ban da 622, saura 1281. A raba wannan gida 32, a sami 40, a yar da ɗan abin da ya ragu. A haɗa 1281 da 40, ya ba da 1321. Dalilin ƙarin shi ne shekarar wata ta gaza ta rana da kwana 11, wanda ke taruwa ya zama shekara guda duk bayan shekara 32 zuwa 33. Wanda ya tsaya a cire 622 kawai zai yi kuskuren shekara 40 cif. Dabarar kan kauce da shekara ɗaya, tunda shekarar Miladiyya kan ratsa shekarun Hijira biyu, don haka a duba ko ranar ta faɗo kafin sabuwar shekarar Musulunci ko bayanta. Shekarar 1321 ta kama ne a ƙarshen Maris 1903, don haka 27 ga Yuli ta zo daidai da 2 ga Jimada Ula a lissafin jadawali. Ku ce wa yara "farkon Jimada Ula", tunda ganin wata na iya sauya kwana ɗaya ko biyu.

Shawara a gefe: Yuli tsakiyar damina ce, hanya na iya caɓewa. Ku fara gaida mai unguwa ku nemi ɗan jagora.

Tambaya: Malam, ina gabatar da "Rana Irin Ta Yau" a taron makarantarmu a Misau. Ban da Bormi, me kuma ya faru a wannan rana?

Amsa: 'Yata, ga uku, kuma na farkon ya shafe mu kai tsaye. Ran 27 ga Yuli 1990 aka harbe Manjo Gideon Orkar da wasu 41 saboda yunƙurin kifar da gwamnatin Janar Babangida ran 22 ga Afrilun shekarar. A jawabinsa na rediyo ya ce an cire jihohi biyar daga Najeriya: Sakkwato, Katsina, Kano, Borno da Bauchi. Gombe na cikin Bauchi a lokacin, sai 1 ga Oktoba 1996 ta zama jiha.

A 1953 aka sa hannu kan tsagaita wuta a yaƙin Koriya, a ƙauyen Panmunjom. Kada ki ce yarjejeniyar zaman lafiya, ba ita ba ce. Dakatar da faɗa kawai aka yi, aka shata filin da faɗinsa kilomita 4 tsakanin ɓangarorin biyu, kuma Koriya ta Kudu ba ta ma sa hannu ba.

A 1980 kuma Sarkin Iran na ƙarshe, Muhammad Riza Pahlawi, ya rasu a Alƙahira yana gudun hijira, shekara ɗaya da rabi bayan juyin juya halin da ya raba shi da mulki. An binne shi a masallacin Rifa'i da ke birnin.