Me za ka fara koya kafin a shiga darasin tsaro?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za ka iya fara darasin tsaron hanyoyin sadarwar kwamfuta tun a shekarar farko ta jami'a. A'a, sai ka san yadda saƙo ke tafiya tukuna.

Fara da matakai 7 na tsarin OSI, wato tsarin da ke bayyana yadda saƙo ke tafiya tsakanin kwamfutoci, sannan ka dage kan rarraba adireshin IP (lambar da ake gane kowace na'ura da ita a hanyar sadarwa), domin nan ɗalibai suka fi faɗuwa. Adireshin IPv4 bit 32 ne. Idan aka ba ka /24, wato bit 24 na farko na hanyar sadarwar ne, sauran 8 na na'urori, na'urori 254 za su samu adireshi. /26 kuwa 62 kacal. Ka riƙa lissafin da biro da takarda har ya zauna maka.

Daga nan ka sauke Packet Tracer, manhajar kwaikwayon hanyar sadarwa, a cikinta ka haɗa kwamfutoci biyu da rauta ɗaya (na'urar da ke kai saƙo tsakanin hanyoyin sadarwa). In saƙon ping (saƙon gwada ko wata kwamfuta tana amsawa) ya ƙi wucewa, duba adireshin ƙofar fita, wato adireshin rautar da aka saka wa kwamfutar, da farko, yawanci a nan kuskuren yake. Ka kuma yi amfani da Wireshark, manhajar duba saƙonnin da ke wucewa, ka kama zirga-zirgar Telnet, tsohuwar hanyar shiga kwamfuta daga nesa: kalmar sirri za ta fito ƙarara, shi ya sa aka koma SSH, wadda ke ɓoye saƙon, a tasha ta 22.

Koyon Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, dole ne. Gwajin kutse kuwa, a kan na'urorinka kaɗai, ko da rubutaccen izini.