Wane girman tanki kifin sikilid ke buƙata, kuma da wa zai iya zama?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tankin gilashi mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30. Wata biyu da suka wuce na zuba masa ƙananan oska guda biyu, da wasu rawaya guda uku da mai shago ya ce na tafkin Malawi ne, da 'yan ƙananan kifayen nan da ake kira gupi guda shida, da kifin zinare ɗaya. Yanzu gupi saura biyu, kuma ban ga gawar ko ɗaya ba. Ɗaya daga cikin rawayan ya maƙale a kusurwar sama, wutsiyarsa duk ta yage, ba ya cin abinci. Tankin ne ya yi kaɗan ko haɗin ne bai yi ba? (Wani mai karatu daga Kaduna)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Duka biyun ne, amma haɗin ya fi gaggawa. Gupin naka suna cikin cikin oska, shi ya sa ba ka ga gawa ba. Rawayan da ke kusurwa kuwa korarsa aka yi daga ƙasa, kuma in ba a raba shi da sauran yau ko gobe ba, zai mutu. Ka sa shi a wani mazubi daban mai famfon iska, ko ka raba tankin biyu da raga, kafin mu zo maganar girma.

Tsawo sau faɗi sau tsayi a santimita, a raba da 1,000, shi ne lita. Naka 60 sau 30 sau 30, lita 54 ke nan, in aka cire yashi da duwatsu da ɗan sararin sama sai ya dawo wajen 45. Sai dai ga sikilid, wato rukunin kifayen da oska da rawayan naka suke ciki, lita ba ita ce farkon abin dubawa ba. Waɗannan kifaye dangin karfasa ne, kuma duk wanda ya taɓa ganin karfasa ta share rami a gindin kududdufi tana korar duk abin da ya matso ya san halinsu. Fili suke kamawa a ƙasa su ce nasu ne. Saboda haka tsawo da faɗin gindin tanki sun fi tsayinsa muhimmanci nesa ba kusa ba. Dogon tanki siriri mai kama da randa yana da kyau a falo, amma wanda aka kora ba shi da inda zai gudu sai sama, daidai inda rawayanka yake yanzu.

Abu na biyu, girman da kifi zai kai ake aunawa, ba girmansa ranar saye ba. Oska, wato Astronotus ocellatus, ɗan kogunan Amazon ne a Kudancin Amurka. Ana sayar da shi bai fi yatsa ba, amma a shekararsa ta farko yana ƙara kamar santimita 2 zuwa 3 duk wata, ya tsaya a 30 ko sama da haka, kuma yana wuce shekara 10 a raye. Kifi mai santimita 30 a tanki mai faɗin 30 ko juyawa ba zai yi da kyau ba. Guda ɗaya yana son aƙalla lita 280 zuwa 300, biyu kuwa 450 zuwa sama, ga cin abinci da kashi kamar ɗan akuya. Duk abin da ya shiga bakinsa abinci ne. Maganar da ake yaɗawa cewa kifi yana girma daidai da mazubinsa ba ta da amfani ga mai kiwo: ƙazamin ruwa ne ke tsumburar da shi, ya kuma rage masa kwana.

Rawayan naka, bisa yadda ka kwatanta, da alama Labidochromis caeruleus ne, daga cikin rukunin da ake kira mbuna, masu zama a tsakanin duwatsun tafkin Malawi. Suna kai santimita 10, kuma a cikin mbuna su ne masu sauƙin kai. Duk da haka uku shi ne adadi mafi muni. Mai ƙarfi yana samun abokan gaba biyu kacal, sai ya zaɓi ɗaya ya sa shi a gaba dare da rana. Masu kiwon mbuna da gangan suke yawaita su, kamar 12 zuwa 15 a tanki mai santimita 120 a 45 a 45, wato lita 243, don faɗan ya watsu, kada ya taru a kan kifi ɗaya. Ana sa namiji ɗaya ga mata uku ko huɗu a kowane iri, domin namiji ba ya barin mace ta huta, ita kuma in ta ɗauki ƙwai a baki sai ta yi kusan mako uku ba ta ci sosai ba. Wannan dabarar cunkoso tana aiki ne kawai in matatar ruwa tana juya ruwan tankin sau shida zuwa takwas a awa, kana kuma canja kashi 30 cikin 100 na ruwan duk mako. In ba za ka iya wannan ba, kada ka fara.

Ruwansu ma ba ɗaya ba ne. Na Malawi mai gishirin ma'adinai ne, ma'aunin pH ɗinsa, wato awon tsamin ruwa ko rashinsa, tsakanin 7.8 da 8.6, oska kuma ya fi sakewa a 6 zuwa 7.5. Abinci ma haka: yawancin mbuna gansakuka suke kankara a jikin dutse, hanjinsu dogo ne, abincin oska mai yawan nama yana kumbura musu ciki, su daina ci, su riƙa fitar da farin kashi kamar zare, kuma ba kasafai suke tashi ba. Shi kuwa kifin zinare ɗan ruwan sanyi ne, ba ya da sauri, ba ya iya kare kansa, ba shi da wurin zama a cikin waɗannan ko kaɗan.

To me za a yi da tankin da ke hannu? Shawarata ka mayar da oska biyun da kifin zinaren, ko ka ba wanda ke da wurin ajiye su. Rawayan ma haka, sai in a cikin watan nan za ka sayi mai santimita 120. Ga tanki mai 60, sikilid ɗin da ya dace namu ne na gida: Pelvicachromis pulcher, da 'yan kasuwa ke kira kiribensis, asalinsa rafukan kudancin Najeriya da bakin tekun Kamaru. Namiji yana kai santimita 10, mace 7, cikinta ja jawur in ta shirya ƙwai. Namiji ɗaya da mace ɗaya, ba ƙari. Ka shimfiɗa yashi mai laushi, ka kifa ƙoƙon kwakwa ko 'yar tukunyar ƙasa da aka fasa wa ƙofa daidai shigar kifin, guda biyu, ɗaya a kowane gefe, da tsire-tsire a tsakani don su tare ido. Za ka ga macen tana kwaso yashi da baki daga cikin kogon tana tofarwa a bakin ƙofa har ya yi ɗan tudu. Daga lokacin da suka fito da 'ya'ya, duk wani kifi da ke ƙasa abokin gaba ne, shi ya sa a lita 54 gara su zauna su kaɗai. In ka samu mai santimita 100, za ka iya ƙara musu garken ƙananan kifayen tetra na Kwango guda shida zuwa takwas, masu yawo a tsakiya da sama. Kada ka ruɗu da jan sikilid ɗin nan mai ɗigo-ɗigo, Hemichromis, shi ma na kogunan Afirka ta Yamma ne, amma in ya yi ƙwai sai ya gama da kowa a ƙaramin tanki.

In kuwa zuciyarka na kan rawayan, to ka yi tankin Malawi zalla. Labidochromis bakwai ko takwas da Pseudotropheus acei shida haɗi ne da ke zama lafiya, saboda launinsu ya bambanta kuma acei ya fi son saman ruwa. Namiji ya fi tsanar wanda ya yi kama da shi, don haka a guji iri biyu masu launi ɗaya. A guji Melanochromis auratus ma duk da arharsa da kyansa yana ƙarami. Abokin zama daga waje da suke ƙyalewa shi ne ƙaramin ƙurungu na tafkin Tanganyika, Synodontis petricola, uku ko huɗu. Ƙurungun koginmu da tarwaɗa sun yi girma, kuma da dare za su bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Duwatsu su kai rabin tsayin tanki, masu ramuka da lunguna da yawa, kuma a ɗora su a kan gindin tankin tukuna sannan a zuba yashi, domin kifayen suna tona ƙarƙashi, dutse ya zame ya tsaga gilashi. Irin wannan tanki da ruwa da duwatsu yana kai kilo 300, sai teburi mai ƙarfi da ya daidaita sosai, da gilashi mai kaurin milimita 10.

Sabon tanki ba a cika shi da kifi ranar farko. Ƙwayoyin bakteriya masu mai da amoniyar kashin kifi zuwa abin da ba ya kisa nan take suna ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin su kafu a cikin soson matata. Ka ɗauki rabin tsohon soson ka sa a sabuwar matata don rage jiran, kuma kada ka taɓa wanke soso da ruwan famfo mai kulorin, da ruwan da ka ɗebo daga tankin ake matse shi.

A Kaduna akwai ƙarin abu biyu. Zafin ruwan da waɗannan kifaye suke so digiri 24 zuwa 28 ne. Da hunturu ruwa yana faɗuwa ƙasa da haka cikin dare, sai hita. A watannin Maris da Afrilu kuma yana haura 30, iskar da ke cikinsa ta ragu, in aka ɗauke wuta a tanki mai cunkoso cikin 'yan awoyi za ka ga kifaye sun taru a sama suna haki. Famfon iska mai batir ya zama dole, kuma in babu inbata ko sola da za su riƙe matata, ka tsaya a kan kiribensis biyu, waɗanda ruwan da ke tankinka zai iya ɗauka ko wuta ta kwana ba ta dawo ba.