Yadda rigimar Hamilton da Jefferson ta haifi jam'iyyun farko a Amurka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin kimiyyar siyasa ne. An koya mana cewa waɗanda suka kafa Amurka ba sa ƙaunar jam'iyya, har kundin tsarin mulkinsu bai ambace ta ba. To yaya aka yi jam'iyyu suka ɓullo tun suna raye? Kuma su ne Democrat da Republican na yanzu?

Amsa: Wa alaikumus salam. Abin da aka koya maka haka yake. Kundin da aka rubuta a Filadelfiya a 1787 babu kalmar jam'iyya a cikinsa, domin mutanen zamanin kallon gungun masu son zuciya suke yi mata. Amma George Washington, wanda ya hau mulki a 1789, bai gama zangonsa na farko ba sai da gida ya rabu biyu, kuma daga cikin ministocinsa wutar ta tashi.

Alexander Hamilton ne ministan kuɗi. Maraya ne da aka haifa a tsibirin Nevis, ya fara da aikin akawu wajen 'yan kasuwa, sannan ya zama na hannun daman Washington a yaƙin neman 'yanci, inda ya ga sojoji ba albashi saboda gwamnatin tsakiya ba ta da ikon karɓar haraji. Shi ya sa yake son gwamnatin tarayya mai ƙarfi, da banki, da masana'antu. Thomas Jefferson, ministan harkokin waje, babban manomi ne daga Virginia. A ganinsa manomi mai gonarsa shi ne ginshiƙin 'yanci, kuma duk ikon da aka tara wuri guda sarauta zai koma. Kada dai ka manta, mai wannan wa'azin ya mallaki bayi sama da 600 a tsawon rayuwarsa.

Maganar bashi ce ta fara raba su. Lokacin yaƙi gwamnati ta biya sojoji da takardun alkawari. Shekaru suka wuce ba a biya ba, tsohon soja ya ga takardarsa ba ta sayen ko mudun gari, sai ya sayar wa dillalai a araha. A Janairun 1790 Hamilton ya ce gwamnati za ta biya duk wanda takardar ke hannunsa cikakken kuɗinta, kuma za ta ɗauke wa jihohi bashinsu na kusan dala miliyan 25. Kafin labari ya isa ƙauyukan kudu, dillalai sun riga sun isa suna saye. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. James Madison, wanda a da abokin tafiyar Hamilton ne wajen tallata kundin tsarin mulki, ya miƙe a majalisa ya ce a ba masu takardun na asali wani kaso. Hamilton ya ce ƙasar da ke tuhumar wanda ya sayi takardarta ba wanda zai sake ba ta rance. Ga kuma Virginia da ta biya mafi yawan nata bashin, tana tambayar don me za ta taya Massachusetts biya. An sasanta ne a wajen cin abincin dare a gidan Jefferson a New York, a watan Yuni: Hamilton ya samu abin da yake so, 'yan kudu kuma aka ba su babban birni a bakin kogin Potomac, inda Washington take yau.

Sulhun bai daɗe ba. A 1791 Hamilton ya kawo batun bankin ƙasa mai jarin dala miliyan 10. Jefferson ya ce a nuna masa inda kundi ya ba gwamnati ikon kafa banki. Hamilton ya amsa cewa wanda aka ɗora wa karɓar haraji da cin bashi, an ba shi izinin kayan aikin da zai yi su. Washington ya saurari kowa, ya sa hannu. A ganina nan ne zuciyar al'amarin, domin gardamar ta tashi daga kuɗi ta koma kan yadda za a karanta kundin kansa.

Daga nan sai jaridu. Gazette of the United States ta John Fenno tana kare Hamilton. Jefferson ya ɗauki Philip Freneau aikin tafinta a ma'aikatarsa kan dala 250 a shekara, shi kuwa ya buɗe National Gazette yana caccakar gwamnatin da ke biyansa. Mutanen Hamilton suka zama Federalist, na Jefferson da Madison suka kira kansu Republican. Kowane ɓangare yana ganin shi ne ƙasa, ɗayan ne 'yan ɓaraka, shi ya sa ba wanda ya ji ya saɓa aƙidarsa.

Yaƙin Faransa da Ingila a 1793 ne ya kai rigimar kasuwa da bakin titi. Republican suna tare da Faransa, Federalist suna duba cinikin da ake yi da Ingila, wanda harajinsa ke riƙe da baitulmali. Jefferson ya ajiye aiki a ƙarshen shekarar. Da John Jay, wakilin gwamnatin Washington, ya ƙulla yarjejeniya da Ingila a 1794, sai da aka riƙa ƙona mutum-mutuminsa a garuruwa. Washington ya yi gargaɗi kan jam'iyyu a jawabinsa na bankwana a 1796, jawabin da Hamilton, jagoran ɓangare guda, ya taya shi rubutawa. A zaɓen shekarar John Adams na Federalist ya samu ƙuri'un wakilan jihohi masu zaɓen shugaba 71, Jefferson 68, suka zama shugaba da mataimaki alhali ba sa ga maciji a siyasa.

Federalist suka yi wa kansu illa a 1798 da dokar hukunta masu sukar gwamnati. An ɗaure ɗan majalisa Matthew Lyon na Vermont wata huɗu, mutanensa suka sake zaɓensa yana kurkuku. A 1800 Jefferson da Aaron Burr, wanda ya tsaya masa a matsayin mataimaki, suka yi kunnen doki, 73 kowanne, sai da majalisar wakilai ta kaɗa ƙuri'a sau 36 kafin Jefferson ya yi nasara. Hamilton ya fifita tsohon abokin hamayyarsa Jefferson a kan Burr, wanda daga baya ya harbe Hamilton a fito-na-fito a 1804. Shi kuma Jefferson da ya hau, ya sayi yankin Louisiana daga Faransa kan dala miliyan 15 a 1803, ba tare da kundi ya ambaci sayen ƙasa ba. Madison ma, da ya zama shugaban ƙasa, shi ya sa hannu kan bankin ƙasa na biyu a 1816.

Sashen tambayarka na ƙarshe kuwa, a'a, kada suna ya ruɗe ka. Federalist ta mutu bayan zaɓen 1816 ba ta bar magaji ba. Jam'iyyar Jefferson ta dare a shekarun 1820, ɓangaren Andrew Jackson ya zama Democrat. Republican ta yanzu a 1854 aka kafa ta don hana bauta yaɗuwa zuwa sababbin yankuna, kuma Abraham Lincoln ne shugaban ƙasa na farko da ta fitar, a zaɓen 1860.