Tsohuwar majami'ar ƙauyenmu: fasalin Turawa ne ko na kakanninmu?

Tambaya: Ina aiki a Jos, amma asalina ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Numan. Majami'armu ta Lutheran ginin ƙasa ce, doguwa, mai ƙananan tagogi. Dattawa sun ce Turawan Danmak ne suka zo da fasalinta, matasa kuma na so a rushe ta a yi ta bulo. Da gaske fasalin Turawa ne? Kuma ta cancanci a bar ta?

Amsa: Ɗan'uwa, dattawanku sun faɗi rabin gaskiya. Abin da ke cikin majami'ar daga Turai ya zo, amma jikin ginin naku ne, hannun kakanninka ne ya ɗora shi.

Dokta Niels Bronnum, likita ɗan Danmak, ya sauka Numan a 1913 a ƙarƙashin reshen ƙasarsu na ƙungiyar mishan ta SUM (Sudan United Mission), wadda Karl Kumm ya assasa a 1904. A cikin Bachama aikin ya fara, daga nan ya yaɗu zuwa maƙwabtan ƙabilu. A 1948 aka naɗa fastoci 'yan ƙasa na farko, a 1973 kuma Akila Todi ya zama bishop. Wannan ita ce ekklesiyar Lutheran da yau ake kira LCCN, tana kuma cikin TEKAN, Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya, da hedikwatarta ke nan Jos. Turawan nan ba su da yawa, ba za su iya bin kowane ƙauye suna gini ba. Mai bishara ne ke zuwa, jama'a su yi gayya, maza su kwaɓa ƙasa, mata su ɗebo ruwa. Sau da yawa ɗaki guda ne makarantar koyon karatu a ranakun mako, ran Lahadi ya zama wurin sujada.

Da ka ga majami'ar ƙauye a Danmak, da ba ka sake tambaya ba. Ta dutse ce ko jan bulo, an shafe ta da farar ƙasa, ga hasumiya mai kai kamar matakala. Da yawansu ma sun girmi Martin Luther, Bajamushen da Lutheran ta samo sunanta daga gare shi, da ɗaruruwan shekaru, sai a 1536 ƙasar ta koma Lutheran aka gaje su. Taku ba ta ɗauko komai a nan ba. Tsawonta ma da dalili: faɗin ɗaki ba ya wuce abin da itacen rufi zai iya ɗauka, don haka idan jama'a ta ƙaru sai a ja ginin ta tsawo. Kaurin bango da ƙanƙantar taga kuwa maganin zafin kwarin Binuwai ne. Duk wanda ya zauna a ƙarƙashin kwano a Numan a watan Afrilu ba sai an yi masa bayani ba.

To ina Lutheran ɗin yake? Shiga ciki ka dubi gaba. Abubuwa uku za ka tarar: bagadi a tsakiya inda ake Jibin Ubangiji, mumbari a gefe, sai wurin baftisma. Tun a 1544, da Luther ya keɓe majami'ar fadar Torgau a Jamus, ya ce manufar gidan ita ce Ubangiji ya yi magana da mutane ta wurin Kalmarsa, su kuma su amsa da addu'a da waƙa. Shi ya sa ake gina ɗakin yadda na can baya zai ji wa'azi ba tare da lasifika ba. Ka lura da wurin baftisman da kyau. 'Yar tasa ce a kan ginshiƙi ko teburi, domin Lutheran suna yi wa jarirai baftisma ta zuba ruwa. Maƙwabtanka na ECWA a Jos nutsarwa suke yi, su sai rafi ko kwami. Ko ba allo a ƙofa, wannan 'yar tasar ta isa ta gaya maka inda ka shiga.

Sauran kuma duk dabarar gida ce. Na sha ganin dakalin ƙasa a maimakon benci, maza gefe ɗaya mata gefe ɗaya, da tsohon ƙarfen ƙafar mota a rataye jikin bishiya yana aikin ƙararrawa. Ni dai wannan ƙarfen ya fi burge ni fiye da gilashi mai launi da ake ta rububinsa yanzu.

Batun rushewa, ra'ayina kada a taɓa ta. Matasa na da hujja idan wuri ya yi kaɗan, amma fili ba ya ƙaranci a ƙauye. A gina sabuwa a gefe, tsohuwar ta zama ta makarantar Lahadi ko taron zumuntar mata. Kafin a yanke shawara, ka samu magini ya duba wurare uku: gindin bango inda ruwan sama ke fantsama, kan itatuwan rufi inda gara ke shiga, da kusurwoyi ko sun fara rabuwa. Tsagar da ta tsaya cak ba abin tsoro ba ce. Ka shafa mata ɗan yaɓe, ka koma bayan damina. Idan ta sake buɗewa, ginin na motsi, sai an tallafe shi.

Kuskuren da na fi gani shi ne a yaɓe bangon ƙasa da siminti wai an gyara. Siminti na kulle laima a ciki, ƙasar ta ruɓe a ɓoye, wata rana yaɓen ya ɓalle da guntun bango. A yi yaɓe da irin ƙasar da aka yi ginin, a ƙara tsawon bakin rufi, a haƙa wa ruwa hanya.

In ka je gida hutun Kirsimeti, tafi da tef ɗin awo da wayarka. Auna tsawo da faɗi da kaurin bango, ɗauki hoto ta kowane gefe. Sannan ka zauna da tsofaffin da suka ɗauki ƙasar ginin a ka, ka naɗi muryarsu, ka tambayi sunan mai bisharar farko da shekarar da aka cire ciyawa aka sa kwano. Littafin rajistar baftisma, in yana nan, a hannun fasto ko magatakardan ekklesiya za ka same shi.